A Ina Ya Kamata Gwani Ya Tsaya a Layi? Sharhi Kan Jerin Masu Duka a Wasan Besbol

Yau za mu jingine tamaula gefe mu leƙa Amurka, inda ake wasan besbol, wasan nan da mutum ɗaya ke wurgo ƙwallo, wani kuma ya tare ta da gora ya maka. Na san da yawa daga cikinmu a fim kawai suka taɓa ganinsa. To ku ba ni aron kunnuwanku, domin akwai wata gardama da aka daɗe ana tafkawa a cikinsa: cikin 'yan wasa tara da ke bin layi su yi duka, a ina ya kamata koci ya ajiye gwaninsa? Kuma gurbin da aka ba mutum, yana ƙara masa ƙwazo ne ko yana rage masa?

Bari in ɗan share hanya ga wanda bai san wasan ba. Filin yana da tasha huɗu, ta huɗun ita ce gida, inda mai duka ke tsayawa. In ya maka ƙwallo ya ruga ya taka tasha ta ɗaya kafin a riga shi da ƙwallon, ya tsira, sai ya jira na bayansa ya buga ya tura shi gaba. Duk wanda ya zagayo ya taka gida, maki ɗaya ke nan. In kuwa ƙwallo ta haye katangar fili, to mai dukan da duk wanda ke kan tasha sai su taho gida a huce. Turmi tara ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara, kuma a kowane turmi ƙungiya za ta yi ta duka har sai an fitar mata da mutum uku. Wato jarin kowace ƙungiya a wasa shi ne fita 27, da shi ake tashi, ba da agogo ba. Kafin a fara, koci zai miƙa wa alƙalin wasa takarda mai suna tara a jere, kuma ba a taɓa wannan jeri har a tashi. In turmi ya ƙare a kan na biyar, na shida ne zai buɗe na gaba.

Tsarin da aka gada kaka da kakanni sananne ne. Na ɗaya ɗan siriri mai gudun tsiya, wanda zai hau tasha ta ɗaya ya saci ta biyu tun mai jifa bai ankara ba. Na biyu mai haƙuri, wanda ba ya ƙyashin ɗan taɓa ƙwallo a hankali a fitar da shi, muddin abokinsa ya matsa gaba. Na uku shi ne wanda ya fi kowa iya duka. Na huɗu kuma ƙato mai ƙarfin dantse, aikinsa ya kwashe duk wanda ke kan tasha ya kai gida. Daga nan sai a yi ta gangarowa har na tara, inda ake ɓoye mafi rauni. A shekarar 1929, da New York Yankees ta fara maƙala lamba a bayan riga, gurbin mutum a layi aka bi aka ba shi lambarsa. Shi ya sa Babe Ruth ya sa lamba 3, Lou Gehrig ya sa lamba 4. A Japan ma har gobe zama na huɗu a layi wata sarauta ce da ake tinƙaho da ita.

Wanda ya fi kowa cika gurbin na ɗaya shi ne Rickey Henderson, wanda ya rasu a watan Disamba na 2024. Ya saci tasha sau 1,406, ya shigo gida da maki 2,295, kuma duka biyun babu wanda ya kama ƙafarsa har yau. To amma kociyoyi da yawa sun ɗauki darasin a baibai. Gudunsa suka gani, sai suka shiga sa duk wani mai sauri a gaba. Alhali abin da ya sa Henderson ya gagara shi ne, cikin kowace tsayuwa goma da ya yi gaban mai jifa, sau huɗu sai ya hau tasha. Mai gudun da ba ya hawa tasha kuwa, me zai sata?

Yanzu ga lissafin da ya rikita tsohon tsarin, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasa 162 a kaka. Layi yana zagayawa ne har fita ta ƙarshe, kuma wannan fita na iya faɗowa a kan kowane ɗaya daga cikin taran. Duk wanda ke gaba da wurin da aka tsaya ya sami tsayuwa ɗaya fiye da na baya. Raba 162 gida tara, ka sami 18. Ma'ana, duk taki ɗaya da ka mayar da ɗan wasa baya, ka cinye masa tsayuwa kusan 18 a kaka. Daga na ɗaya zuwa na huɗu, 54 ke nan, kimanin abin da mutum zai samu a wasa goma sha biyu. Daga na ɗaya zuwa na tara kuwa, ya haura 140.

Masu bin tamaula sun san irin wannan takaici. Ku tuna wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Kamaru, a watan Fabrairun 2022, da aka je bugun fenariti tsakanin Masar da Senegal. An ajiye Mohamed Salah ya buga na biyar, sai Sadio Mané ya rufe zance kafin layi ya iso kansa. A besbol, irin wannan na faruwa a kai a kai: turmi na tara, maki ɗaya ake binku, an fitar da na uku, gwaninku yana tsaye da gora a kafaɗa yana jiran layin da ba zai zo ba.

To sai ku ce, ai magana ta ƙare, a sa gwani na ɗaya mana. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Na ɗaya a turmin farko babu kowa a gabansa, a sauran turame kuma na takwas da na tara yake bi, wato raunanan ƙungiya. Don haka kusan biyu cikin uku na tsayuwarsa tashoshi wayam suke. In ya haye katanga, maki ɗaya tal. Na huɗu kuwa kusan rabin zuwansa yana tarar da wani a kan tasha. Ciniki ne ke nan tsakanin yawan zuwa da nauyin kowane zuwa.

A shekarar 2006 wasu masu lissafi uku, Tom Tango da Mitchel Lichtman da Andrew Dolphin, suka fitar da wani littafi mai suna The Book, suka auna wannan ciniki gurbi bayan gurbi. Abin da suka samu ya ba mutane mamaki. Gwanaye uku na farko, a cewarsu, a gurbi na ɗaya da na biyu da na huɗu ya kamata su zauna. Gurbi na uku, wanda aka ɗauka kujerar sarki ce, bai kai yadda ake zato ba, saboda sau da yawa mai shi yana zuwa ne a turmin farko bayan an riga an fitar da biyu, babu kowa a tasha, duk abin da ya yi ban da haye katanga da wuya ya haifi maki. Gurbi na biyu kuma, da ake ba mai sadaukar da kai, ashe wurin gwani ne. An ɗau shekaru kafin kociyoyi su yarda, amma sun yarda. Mike Trout ya daɗe yana duka na biyu a Los Angeles Angels. Aaron Judge na Yankees, a 2022 da ya haye katanga sau 62, a na biyu ya yi yawancin kakar, da ƙarshe ya gabato kuma aka dawo da shi na ɗaya, kuma daga nan ya buga na 62 ɗin a turmin farko a Texas.

Mu koma ga tambaya ta biyu, wadda a ganina nan aka fi ruɗar mutane. Za ku ga an jera alƙaluma an ce wane in yana na uku yana ƙoƙari, in an mai da shi na shida sai ya lalace. Ni dai ba na saurin sayen wannan. Koci yana ɗaga ɗan wasa gaba ne lokacin da hannunsa ke da zafi, ya mai da shi baya lokacin da ya yi sanyi ko yake fama da ciwo. Sanyin ne ya kai shi na shida tun farko. Kuma tsayuwa hamsin ko sittin ba su isa a yanke wa kowa hukunci ba a wasan da gwanin gwanaye ma ke faɗuwa sau bakwai cikin goma. Haka batun yawan abokan da mutum ya kai gida. Na huɗu zai fi na ɗaya a nan ko da ƙwazonsu ɗaya ne, don shi ake tara wa mutane a gaba. Duk wanda ya yaba wa na huɗu a kan wannan adadi bai duba su wa ke gabansa ba, ya yi rabin sharhi.

Inda na yarda gurbi na taɓa ɗan wasa shi ne wanda ke biye da shi. Mai jifa na da damar ƙin ba ka ƙwallon kirki, ya bar ka ka tafi tasha ta ɗaya kyauta, ya fuskanci na bayanka. A 2004 an yi wa Barry Bonds na San Francisco Giants haka da gangan sau 120, jimillar tafiyarsa ta kyauta kuwa 232. Tun a 1998 ma kocin Arizona, Buck Showalter, ya taɓa sa a bar shi ya wuce alhali tasha uku duk a cike suke. Ya gwammace ya ba da maki ɗaya da hannunsa da ya bari Bonds ya ɗaga gora, kuma Arizona ta ci wasan 8 da 7. Kafin 2022, lokacin da mai jifa ke shiga layin duka a ɓangaren National League na babbar gasar, na takwas ma yakan sha irin wannan kyauta, ba don tsoronsa ba, sai don an san mai jifan da ke bayansa ba ya iya komai da gora. Sai dai masu lissafi sun nuna cewa abin da ke sauyawa shi ne salon amfanin ɗan wasa: dukansa ya ragu, hawansa tasha ya ƙaru, in an haɗa an raba ba wata babbar asara.

Amma ranar da abin ya ci mutum, yakan ci shi da kyau. Wasan farko na gasar ƙarshe a Oktoban 2024, Yankees na gaban Los Angeles Dodgers 3 da 2 a turmi na goma, saura fita ɗaya a tashi. Suka bar Mookie Betts ya wuce kyauta, tashoshi suka cika, suka zaɓi Freddie Freeman, wanda ke ɗingishi da ciwon idon sawu. Jifa na farko Freeman ya aika ƙwallo bayan katanga, aka tashi 6 da 3. Amfanin jera gwanaye kai da kai ke nan: mai jifa ya guje wa wannan, ya faɗa hannun wancan.

Wannan jeri na Dodgers ma tsautsayi ne ya haifar da shi. Betts ne na ɗaya a farkon kakar, Shohei Ohtani na biyu. A watan Yuni ƙwallo ta karya wa Betts hannu, aka matso da Ohtani gaba, da Betts ya warke kuma aka bar shi a na biyu. Ohtani ya gama kakar da haye katanga 54 da satar tasha 59, abin da ba a taɓa haɗawa ba, kuma duk da zamansa a gaba dukansa ya haifi maki har 130. Mutumin da ke haye katanga kusan sau ɗaya a kowace tsayuwa 14, in ka cinye masa tsayuwa 54, ka zubar da guda huɗu ke nan a banza.

Wanda ya fi ba tsofaffin 'yan kallo haushi shi ne Kyle Schwarber na Philadelphia Phillies. Mutum ne mai jiki, ba ya gudu, kuma a 2023 ko sau ɗaya cikin biyar ba ya samun dukan da zai kai shi tasha. A da, ko a mafarki ba za a sa irinsa a gaba ba. Amma a kakar ya haye katanga sau 47, ya karɓi tafiyar kyauta 126, ya taka gida sau 108. A 2024 kuma sau 15 yana buɗe wa ƙungiyarsa wasa da haye katanga, ya shafe tarihin Alfonso Soriano na 13 da aka kafa a 2003.

Kada dai in cika muku baki da yawa. Su kansu masu lissafin sun ce tazarar da ke tsakanin jerin da aka saba da wanda aka tsara da kyau ba ta wuce maki goma zuwa goma sha biyar a kaka guda, wato kimanin nasara ɗaya cikin wasa 162. A 1972, Billy Martin, kocin Detroit Tigers, da rashin nasara ya ishe shi, sai ya zuba sunayen 'yan wasansa cikin hula ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Ed Brinkman, wanda ke cikin mafi rauni da gora, shi ya faɗo na huɗu, kuma suka doke Cleveland 3 da 2. Sai dai nasara ɗaya ba abin yarwa ba ce a gasar da ake rasa gurbin zagaye na gaba da tazarar wasa guda, balle wadda ba ta cin ko sisi.

Hukuncina shi ne, koci ya sa gwaninsa na biyu, ya sa wanda ya fi kowa hawa tasha a gabansa ko da tafiyar hawainiya yake yi, ya ajiye mai ƙarfin dantse na huɗu. In kuma gwanin irin Ohtani ne, mai duka da gudu, to na ɗaya ma ya yi, muddin na tara ba mataccen gurbi ba ne. Ku kuma masu sauraro, in kun ci karo da wasan a talabijin, ku fara duba suna na biyu a jerin, nan za ku gane irin kocin da ke zaune a benci.