Alewar Takarda a Wasan 'Yan Firamare

Asabar ɗin da ta wuce na rufe shago da hantsi, na tafi makarantar firamaren da jikata take, don kallon wasan waƙe na ƙarshen zango. Labarin wasan na wani gari ne da komai nasa alewa ce, kuma yaran ne suka haɗa adon dandalin a ajin zane. A kan adon zan yi magana, don waƙoƙin da Turanci aka yi su, lasifikar kuma sai ƙara take, ban tsinci komai ba.

Tun kafin ranar wasu iyaye suka tare ni bayan Isha'i, wai Malam, wannan zane-zanen ya halatta kuwa? Na ce musu maganar malamai a kan surar abu mai rai take. Alewa ba ta da rai, babu laifi yaro ya zana ta. To ni ba ta nan matsalata take ba.

Bangon gaba kaf an cika shi da alewa mai tsinke da cakulan da wani kek mai hawa uku. Launi kam akwai shi, ja da ruwan hoda har ido ya gaji. Amma duk iri ɗaya ne, kamar inji ya buga. Da gani ka san malama ce ta kwafo daga waya, ta zana layin, yara suka cike da fenti. Yaron da bai taɓa riƙe irin kek ɗin nan ba, me zai sa a ciki daga kansa? Kuma kuɗin takarda mai ƙyalli da aka karɓa hannun iyaye a nan ya tafi.

Sai da na juya zan fita na ga aikin 'yan aji uku, an jingine shi can bayan ƙofa. Wallahi nan na tsaya. Wani yaro ya yanka kwali ya manna riɗi na gaske a kai, ga kantu sak. Wata ta murɗa igiyar buhu ta shafa mata ruwan ɗorawa, ta fito da alkaki har da sheƙin zumarsa. An mulmula gullisuwa da yumɓu, wata babba wata ƙarama, yadda take a farantin talla. Wanda ya fi burge ni, wata yarinya ta ɗaure carbin malam a leda, ta jera shi da baba dudu na maƙwabtanmu Yarabawa, ta rubuta sunan kowanne a ƙasa. Aikin a karkace yake, gam ya zubo ta gefe, amma hannun yaro ne da idonsa. Sun zana abin da suke saye da kuɗin tara a bakin makaranta.

A hanya na tambayi jikata ko ta san nakiya. Ta ce a'a, amma ta san TomTom. A Ibadan aka haife ta, ban ga laifinta ba.

Malaman sun yi ƙoƙari, Allah ya saka. Roƙona ga hedimasta da shugabannin ƙungiyar iyaye shi ne, baɗi a gayyato ɗaya daga cikin matan unguwa masu yin alewar madara ta zauna da yaran kafin su ɗauki fensir, a kuma dawo da aikin 'yan aji uku bangon gaba. Kwali kuwa kada a sake karɓar kuɗinsa, a turo yara shagona su kwasa.