A'isha ko Aisha? Sharhi a kan Lafazin Wani Suna a Ƙasar Rano

A Madachi, da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, da wuya a ƙirga gida uku a jere ba a sami mai sunan A'isha ba. Dalilin farin jinin sunan ba ɓoyayye ba ne, gama sunan matar Annabi ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, 'yar Sayyidina Abubakar, ma'anarsa kuwa a Larabce rayayya. Abin da ya cancanci bincike shi ne yadda a ke faɗinsa da yadda a ke rubuta shi, domin biyun sun soma rabuwa.

Ran suna, in liman ya raɗa, abin da a ke ji daga bakinsa shi ne A'ishatu, gaɓa huɗu. Wasalin farko dogo ne, sa'an nan murya ta tsaya a maƙogwaro kafin a ce "i". Tsayawar nan ita ce hamzar Larabci. Harafin ain da ke farkon sunan babu shi a Hausa, saboda haka ya sauya, amma hamza ta zauna daram, domin Bahaushe yana da ita a kalmomi kamar sa'a da jama'a. Ƙarshen nan na "tu" kuwa daga karatun malamai ya fito, watau takuri da rufu'arta, kamar a Aminatu da Salamatu.

Yawan masu sunan, da kunyar da ke hana mace kiran sunan surukarta in an mayar wa jaririya, su suka haifi A'i da Shatu da laƙabin Indo. Waɗansu 'yan boko suna ɗaukar waɗannan ƙauyanci ne. Lalle sun yi kuskure. A'i ta riƙe hamza, Shatu ta riƙe ƙarshen sunan, in an haɗa su sai ga A'ishatu cif. Ashe tsohuwar ƙauye ta fi mai alƙalami kusa da asali.

Aibin yana ga rubutun Aisha, wanda aka aro daga Turanci ya cika rajistocin makarantu. A ƙa'idar boko, in "a" da "i" suka haɗu ba alama a tsakani, sauti ɗaya su ke bayarwa, kamar a aiki da rai. Yaron da aka koya wa karatu daidai, in ya ga Aisha, dole ya karanta gaɓa biyu maimakon uku. Ƙa'idar kuwa ba baƙuwa ba ce. An daɗe ana gyaran rubutun boko, tun daga dokokin da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buga a 1912, har zuwa aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966. Rubutun da aka daidaita yana sa alamar hamza a tsakiyar kalma. Mai rubuta ma'aikaci da alamarsa ba shi da hujjar hana A'isha tata.

Mai musu zai ce ai harshe ya saba sarrafa sunaye: Khadija ta zama Hadiza, Muhammadu ya zama Mamman, ba wanda ya yi ƙara. Gaskiya ne. Amma waɗannan bakin Hausawa ne ya tausasa su bisa ɗabi'ar harshensu, don kaucewa sautin da ya yi musu nauyi. Hamza ba ta taɓa yi wa Bahaushe nauyi ba. Alƙalamin wani harshe ne ya yar da ita, baki kuma ya soma bin alƙalami.

Zancen bai tsaya ga lafazi ba. Yarinyar da aka rubuta A'ishatu a firamare, Aisha a takardar jarrabawa, Aishat a katin ɗan ƙasa, wata rana sai ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk ita ce. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu cewa ranar ɗaukar yara, a tambayi uba sunan da aka raɗa, a saurara da kyau, a rubuta shi da hamzarsa, kada kuma a sāke shi har yarinya ta gama makaranta.