Tsokaci a kan Finafinan Jean Rouch

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a duba matsayin muryar mutanen Nijar a cikin finafinan Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe fiye da shekara 50 yana ɗaukar rayuwar al'ummomin bakin Kwara a majigi. An haife shi a Paris a 1917, ya iso Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.

Fim ɗinsa da ya fi jawo ka-ce-na-ce shi ne Les Maîtres fous na 1955, wanda ya ɗauka a wajen birnin Ankara, cikin 'yan ci-ranin Nijar masu bautar iskokin Hauka. Manazarcin bori ba zai ga baƙo a nan ba, domin su ne ake kira Babule, waɗanda suka ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, suna kwaikwayon Gwamna da hafsoshin Turawa. Rouch ya nuna mutum da kumfa a baki, ya nuna ana yanka kare ana ci. Da aka haska fim ɗin a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka suka harzuƙa, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi.

A ganina, aibin fim ɗin ba a hoton yake ba. Wurin da aka fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, sannan aka yanko hoton Gwamnan gaske da farin gashin tsuntsu a hularsa, ya isa hujja cewa Rouch ya gane abin da ake yi wa ba'a. Aibin yana ga sauti. Tun daga farko har ƙarshe muryarsa ce ke fassara, cikin Faransanci, tana danne maganar masu hawan iskar. Gaskiya ne na'urarsa ba ta ɗaukar hoto da sauti tare, to amma sakamakon ɗaya ne: mai nazarin kirari ko zancen iskoki zai tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai dai Rouch mai karɓar gyara ne. Da ya nuna wa sarkawan Ayoru fim ɗin farautar dorina, suka ce kiɗan da ya sa zai ƙara wa dorina ƙarfin hali, sai ya cire shi. A Moi, un noir na 1958 kuwa, ya bar Umaru Ganda, ɗan dako a Abijan, ya ɗora maganarsa da bakinsa a kan hoton. Haka Damure Zika da Lam Ibrahim suka yi a Jaguar, daga baya ma suka haɗu da shi da Tallu suka kafa ƙungiyar shirya finafinai.

Duk da haka Usman Sambene na Sanagal ya zarge shi da kallon Baƙar Fata kamar mai nazarin ƙwari. Zargin ya zauna daram a kan fim ɗin 1955, amma bai rufe sauran ba, tunda shi Umaru Gandan ne ya koma ya ɗauki nasa finafinai, har Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972.