Tobe, Baran Gidan Emily: Nazarin Ƙaramin Tauraro a Gajeren Labarin Amurka

Gajeren labari ba shi da wurin ɗaukar ɗan rakiya. Tun a 1842, cikin sharhin da ya yi wa labaran Nathaniel Hawthorne, Edgar Allan Poe ya kafa ƙa'idar da marubutan Amurka suka daɗe suna bi, wato kowace kalma ta yi wa manufa guda aiki. In haka ne ga kalma, to ina ga mutum sukutum? Shi ya sa ƙaramin tauraro a wannan fanni yake neman a tsaya a kansa, domin sau da yawa shi ake ɗora wa abin da mai ba da labari bai iya gani ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Tobe, baran da ke cikin "A Rose for Emily" na William Faulkner, wanda aka fara bugawa a 1930.

Labarin ya faru ne a Jefferson, garin da Faulkner ya ƙaga a jihar Misisipi. Emily Grierson 'yar babban gida ce da arziki ya gushe musu. Bayan rasuwar mahaifinta ta shaƙu da Homer Barron, shugaban leburori daga Arewacin ƙasar, sai aka wayi gari ba a ƙara ganinsa ba. Ta kulle kanta a gida har ta mutu tana da shekara 74. Bayan jana'iza aka ɓalle ƙofar wani ɗaki a saman bene, aka tarar da ragowar gawar Homer a kan gado, ga silin furfura a kan matashin da ke gefensa.

Kusan duk tsawon wannan zamani mutum ɗaya ke shiga gidan yana fita. Tobe baƙar fata ne, shi ne kuku, shi ne mai kula da lambu, shi ke zuwa cefane da kwando. Ya kama aiki yana saurayi, ya tsufa har ya ranƙwafa. Emily ce kaɗai ta kira shi da sunansa, ranar da ta sa ya raka wakilan majalisar gari da suka zo mata da maganar haraji zuwa waje. Mai ba da labari kuwa galibi da launin fatarsa yake ambatonsa. Ba a ba shi ko jimla ɗaya ya furta ba, har an ce muryarsa ta dushe saboda rashin amfani da ita.

Amma a duba inda marubucin ya tsayar da shi. Wani maƙwabci ya ga Tobe ya buɗe wa Homer ƙofar kicin da almuru, kuma wannan ne gani na ƙarshe da gari ya yi wa Homer. Tobe yana gidan lokacin da wari ya addabi unguwa. Yana nan shekara kusan 40 da ɗakin ya yi a rufe. Labarin bai faɗi iyakar abin da ya sani ba, sai dai da wuya mai dafa abinci da shara a gida ya kasa sanin abin da ke kwance a samansa. Shi ne shaida guda tilo, a labarin da gari ne gaba ɗaya yake ba da shi da bakin "mu".

A nan gwanintar Faulkner take. Da warin ya tashi, matan gari suka ɗora laifin a kan Tobe, wai namiji ba ya iya tsabtace kicin. Tsohon alƙali Stevens ya ce ƙila maciji ko ɓera baran ya kashe a tsakar gida. Maza huɗu suka lallaɓa cikin dare suka barbaɗa farar ƙasa, magana ta mutu. Alhali kowa ya san Emily ta sayi guba a kantin magani. Raina baran da suka yi shi ya ba su mafakar da za su kauce wa zargin 'yar babban gida. Wannan gari ne da magajinsa, Kanar Sartoris, ya yafe wa Emily haraji a 1894, shi ne kuma ya hana mace baƙar fata fitowa titi ba tare da ƙyallen aiki a gabanta ba.

Mutanen garin sun yi ta bugun cikin Tobe har suka gaji. To me ya hana shi magana? Ana iya cewa amana ce, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai tarihi ya nuna wani dalili mai nauyi. An soke bauta a 1865, amma tsarin mulkin Misisipi na 1890 ya raba yawancin baƙaƙe da ƙuri'a, kuma jihar ce kan gaba a yawan baƙaƙen da gungun farare suka kashe ba shari'a. Baƙin da ya buɗe wa bature ƙofa, baturen bai sake fitowa ba, wa za a fara kamawa? In ya tona asiri, kalmarsa ce za ta kara da ta Emily a gaban farare zalla. Shirun Tobe hanyar tsira da rai ce, ko da akwai amana a ciki.

Wannan ya raba shi da barorin adabin Kudu da suka gabace shi. A "Marse Chan" na Thomas Nelson Page, na 1884, tsohon bawa ne ke ba da labari, yana begen ubangidansa da zamanin bauta. An ba shi baki ne don ya wanke iyayen gidansa. Faulkner bai sa Tobe ya yabi kowa ba. Da Emily ta mutu, ya buɗe wa matan gari ƙofar gaba, ya ratsa gidan ya fice ta baya, ba a sake ganinsa ba. Bai tsaya jana'iza ba, bai jira a ɓalle ɗakin ba. Wannan ne kaɗai abin da ya aikata don kansa, kuma ya isa ya nuna mutum ne mai lissafi, wanda ya san abin da zai biyo baya.

Duk da haka akwai abin dubawa. Faulkner ya tona makantar garin, amma shi ma bai shiga zuciyar Tobe ba: ba mu ji danginsa ba, ba mu ji albashinsa ba. A 1992 Toni Morrison ta nuna a littafinta Playing in the Dark yadda adabin fararen Amurka ya jingina da baƙaƙen da yake ajiyewa a gefe. Tobe shaida ne ga maganarta, domin kwandonsa ne ya sa Emily ta iya juya wa duniya baya. Mai nazarin gajeren labari, da ya gama da babban tauraro, ya wajaba ya tambaya: wa ya ga komai, kuma me ya sa ba a ba shi damar faɗa ba?