Idon da Ke Tare Ganga Kafin Ta Hau Jirgi

Akwai wani ruwan sinadari da ake kira thiodiglycol. Masaƙu suna amfani da shi wajen rini da buga zane a jikin yadi, yana kuma shiga tawadar biro. Amma idan ya faɗa hannun mugu, tazarar da ke tsakaninsa da gubar mustard, mai sale fata da makantar da ido, ba ta da yawa. Haka triethanolamine yake: yana cikin man shafawa da sabulun wanke gashi, kuma ana sa masa ido saboda dalili irin wannan. Hana sayar da su zai durƙusar da masana'antu, sakin su sakaka kuma ganganci ne. A wannan tsaka mai wuya jami'in ba da lasisin fitar da kaya yake aikinsa, kuma a ganina ba a yaba masa ko rabin yadda ya cancanta.

Jini ne ya haifar da aikin. A 1984 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka tabbatar an yi amfani da makamai masu guba a yaƙin Iraƙi da Iran, aka kuma gano cewa da yawa daga kayan haɗin ta hanyar ciniki na yau da kullum aka saye su. A 1985 ƙasashe 15 suka zauna a Brussels bisa shawarar Ostareliya don daidaita ƙa'idojinsu, shi ya sa haɗakar take ɗauke da sunan ƙasar har yau. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta biyo baya a 1997, ta kasa sinadarai jeri uku gwargwadon haɗarinsu, hukumar OPCW da ke birnin Hague tana kula da ita.

To amma jerin suna ba ya kama kowa. Sau da yawa jami'in bai ma taɓa ganin gangar da idonsa ba. Abin da ke gabansa takardu ne: buƙatar kamfani, takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan a ƙarshe, da hanyar da jirgi zai bi. Ba ya yarda da sunan da aka liƙa wa kaya, don sinadari ɗaya kan yi sunayen kasuwa barkatai. Lambar CAS yake bi, wadda kowane sinadari yake da tasa shi kaɗai. Daga nan sai lissafi. Masaƙa mai wannan girman, tan nawa za ta ci a shekara? In oda ta ninka haka sau goma, ina ragowar za ta? Me ya sa adireshin mai sayen ya zama ofishin ɗan kwangilar dakon kaya, ba masana'anta ba? Me ya sa bai yi tayi ba, ya ma ƙara kuɗi don a gaggauta? Me ya kai kaya zagaye ta tashoshi uku alhali ga hanya miƙaƙƙiya? Kamar dillalin kara ne da ke gane saniyar sata daga rawar jikin mai sayarwa, tun bai duba shaidar da ke jikinta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, mutum ɗaya sai ya san kimiyyar sinadarai, ya san yadda masana'anta ke cin kaya, ya san taswirar jiragen ruwa, sannan ya san halin ɗan Adam.

Wanda ke son sanin kuɗin rashin waɗannan tambayoyi ya duba shari'ar Frans van Anraat, ɗan kasuwar Holan da ya yi ta kai wa gwamnatin Saddam Hussein thiodiglycol ta tashar Aƙaba a Jodan, yana cewa na masaƙa ne. A Maris 1988 gubar da wannan gwamnati ta watsa ta kashe kimanin mutum 5,000 a garin Halabja na Kurdawa. Wata kotun Holan da ke Hague ta ɗaure van Anraat shekara 15 a 2005 bisa hannu a laifukan yaƙi, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita 17.

Gwani kuma ba mai zargin kowa ba ne. A 1993 Amurka ta dage cewa jirgin ruwan Sin mai suna Yinhe yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai zuwa Iran. Jirgin ya yi makonni a tsare a teku, aka caje shi kakaf a Dammam ta Saudiyya, ba a samu komai ba. Mafi yawan masu neman lasisi 'yan kasuwa ne na Allah da Annabi, kuma jami'in kirki yakan sallame su da wuri don hankalinsa ya tattaru kan takardar da labarinta bai haɗu ba.

In ya ce a'a kuwa, maganar ba ta tsayawa a teburinsa. Ƙasarsa takan sanar da sauran ƙasashen haɗakar, kuma sun yi alkawarin ba mai sayar wa wannan mai sayen kaya iri ɗaya sai ta tuntuɓi wadda ta fara ƙi. Wanda aka kora a Rotterdam, in ya garzaya Hamburg, zai tarar labarinsa ya riga shi isa.