AODV ta ci jarrabawa a kwamfuta, ta sha kaye a fili

Mai karatu, idan ka taɓa zama a inda aka datse sabis, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, wataƙila ka tambayi kanka: me zai hana wayoyin hannunmu su riƙa miƙa wa juna saƙo ba tare da ƙarfen sabis ba? Akwai fanni guda da ya daɗe a kan wannan tambaya, ana kiransa MANET a taƙaice, wato sadarwar da na'urori masu yawo ke ƙullawa a tsakaninsu. Wayata ta miƙa wa taka, taka ta miƙa wa ta gaba, zango bayan zango har saƙo ya isa.

Wahalar tana wajen sanin hanya, domin kowa tafiya yake yi. Wanda ke kusa da kai yanzu, an jima ya sha kwana. Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙa'idojin zaɓen hanya, kuma sun kasu gida biyu. Gidan farko, irin su DSDV ta 1994 da OLSR, kullum na'urori na ta sanar da juna inda suke, ko da saƙo ko babu. Gida na biyu, irin su DSR ta 1996 da AODV, ba a neman hanya sai saƙo ya taso, sannan a yi shela, amsa ta dawo, a bi. Dabarun kansu ba ni da ja a kansu. Sukata tana kan yadda aka riƙa auna su, da yadda har yau ɗalibanmu ke kwafar wannan awon.

A 1998, Josh Broch da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka kwatanta ƙa'idoji huɗu a manhajar kwaikwayo ta ns-2: na'urori 50 a fili mai mita 1500 a tsayi da 300 a faɗi, kowacce na jin maƙwabciyarta har mita 250, na tsawon daƙiƙa 900. Aiki ne mai kyau a lokacinsa. Matsalar ita ce, waɗanda suka biyo baya sun ɗauki wannan filin kamar shi ne duniya. Aibu uku ne suka fito.

Na farko, tafiyar na'urorin. Tsarin da aka fi amfani da shi gararamba ce: na'ura ta zaɓi wani wuri ba gaira ba dalili, ta zaɓi gudu tsakanin sifili da wani iyaka, ta je, ta huta, ta sake. A 2003, Yoon da Liu da Noble na jami'ar Michigan suka nuna ɓarakar. Na'urar da ta zaɓi gudun hawainiya da tafiya mai nisa takan maƙale a hanya, masu sauri kuwa suna isa su sake zaɓe, har su ma su faɗa tarkon. A hankali matsakaicin gudun filin gaba ɗaya ya yi ta sauka. Ka ga kenan mai bincike na murna ƙa'idarsa ta jure motsi, alhali na'urorinsa sun kusa tsayawa cak.

Na biyu, rediyon kansa. A kwamfuta, da'ira ce shar: cikin mita 250 ana jinka, waje ba a ji. A fili ba haka ba ne. A 2002 masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin suka ɗora AODV a kan kwamfutoci na gaske, sai saƙonni suka yi ta ɓacewa duk da na'ura na cewa hanya na nan. Dalili? Ƴar gaisuwar da AODV ke aikawa don gane maƙwabta gajeriya ce, kuma a kan Wi-Fi na lokacin ana watsa ta a gudu ƙasa da na ainihin saƙo, don haka ta fi shi nisan zango. Sallama ta isa, kaya bai isa ba.

Na uku, ma'aunin hanya mai kyau. Yawancin ƙa'idojin farko suna zaɓen hanya mafi ƙarancin zango. Amma ƙarancin zango na nufin kowane zango dogo ne, dogon zango kuwa shi ne mai raunin sigina. A 2003, De Couto da abokansa a MIT suka gwada a kan na'urori 29, suka kawo ma'aunin ETX, wanda ke ƙirga sau nawa za a aika kafin saƙo ya shiga, amsarsa ta dawo. Bari mu yi lissafin tare. Zango ɗaya da rabin saƙonni ke isa, rabin amsoshi ke dawowa, yana cin aike 4. Zango biyu da kowanne ke isar da kashi 90 a tafiya da dawowa, jimillarsu kusan aike 2.5 ne. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Akwai kuma batun amana. A 2005, Kurkowski da Camp da Colagrosso suka bi takardu 114 da aka gabatar a taron MobiHoc waɗanda suka dogara da kwaikwayon kwamfuta. Ƙasa da kashi 15 ne suka ba da bayanin da zai isa wani ya maimaita gwajin. Sakamakon da ba ya maimaituwa kuwa labari ne kawai.

To, a jefar da kwaikwayon kenan? A'a. Ba kowa ke da kuɗin na'urori 50 ba, kuma kwamfuta na kama kurakuran dabara da wuri. Amma duba inda gyara ya fito. Ƴan Freifunk a Jamus, masu shimfiɗa intanet na unguwa a kan rufin gidaje, sun yi fama da OLSR a aikace, har suka ƙirƙiro BATMAN a 2006, inda na'ura ba ta buƙatar taswirar gari duka, sai sanin maƙwabcin da ya fi dacewa ta miƙa wa. A 2011 wani nau'insa ya shiga cikin Linux. Ita ma OLSR, sigarta ta biyu ta 2014 ta daina dogaro da ƙirgen zango kaɗai.

Saboda haka, idan kai ɗalibi ne mai shirin rubuta kundi a kan kwatanta AODV da DSR, ga shawara. Kada ƙaramin gudun na'urorinka ya zama sifili. Zubar da sakamakon farkon gwaji kafin lamura su daidaita. Maimaita sau da yawa, ka faɗi yadda sakamakon ya bambanta. Rubuta sigar manhajar da duk lambobin da ka saka. Sannan ka samo ƴan na'urori, ko biyar ne, ka raba wa abokanka, ku zaga tsakanin azuzuwa da katangu, ka auna saƙo nawa ya isa. Idan kuma karatu kawai kake yi, ka ga an ce sabuwar ƙa'ida ta doke AODV, tambayi abu ɗaya kafin ka yarda: a wane fili aka yi karawar?