Uwaye Biyu a Littattafai Biyu

A watannin nan na karanta littattafai biyu a jere, ba tare da na nufi haɗa su ba: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Shekara 56 ce tsakaninsu, amma abin da ya tsaya mini a rai iri ɗaya ne: uwa, da abin da marubuci ya yi da wahalarta.

Shaihu Umar malami ne da ke ba almajiransa labarin rayuwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mu mutanen Nijar labarin ba baƙo ba ne a gare mu, don ayarin Kano zuwa Tarabulus ta Damagaram da Agadas yake bi, kuma har yau ƴaƴanmu na bin sahara zuwa Libiya. Hausar littafin tsaf take, babu kalmar da ta yi yawa. Sai dai natsuwar mai ba da labarin ta dame ni. Abdulkarim fataucin bayi yake yi, amma alherinsa aka fi nuna mana. Ita kuwa uwar, wadda ta bar gida neman ɗanta har ta zama baiwa, ta sha azaba, ta mutu jim kaɗan bayan ta gan shi, ita ce jarumar gaskiya. Duk da haka labarin na ɗan ne, shi ya zama shehi, ita ta zama darasin haƙuri.

Balaraba ta juya abin. Rabi ce a tsakiyar gida da tsakiyar labari. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da ƴaƴa tara, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. A nan marubuciyar ta fi ƙarfi, domin ta san kuɗin cefane, ta san faɗan kishiya, ta san yadda maƙwabta ke leƙe ta katanga. Rubutun bai kai na Tafawa Ɓalewa tsari ba, wasu wuraren da gaggawa aka wuce su, gobarar da ta cinye dukiyar Alhaji ma ta zo daidai lokacin da ake bukatarta. Amma akwai rai a ciki.

Ƙarshensa ne ke raba kan masu karatu. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, aka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Wasu na cewa marubuciyar ta ja da baya. Ni ban ga haka ba. Ta nuna mana abin da dangi ke yi ne, ta bar mu da ɗacinsa, kuma ɗacin nan shi ne hukuncinta.

Wanda zai karanta, ya fara da Shaihu Umar, sannan ya ɗauki na Balaraba. Zai ji bambanci tsakanin a ba da labarin uwa da a bar ta ta yi magana.